Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka mai da falonka gidan sinima

Wani abokina ya gayyace mu kallon ƙwallo a sabon gidansa. Ya sayo abin da 'yan kasuwa ke kira hom tiyata: lasifika biyar da wufa ɗaya mai fitar da kakkauran sauti, a jikin kwalin an rangaɗa wat 5000 da jajayen lambobi. Falon kuwa sai wanda ya gani. Tayil sumul daga bakin ƙofa har lungu, bango ya sha fenti mai sheƙi, silin na POP, manyan tagogi ba a kai ga sa musu labule ba. Da aka kunna, ihun 'yan kallo ya cika gida, gilashin taga na karkarwa, amma ba wanda ya iya tsintar abin da mai sharhi ke faɗa. Mai gida ya ƙara murya, abu ya ƙara dagulewa. Nan take ya hau sababi, wai an sayar masa da jabu. Kayan dai ba na a-zo-a-gani ba ne, amma rabin laifin na ɗakin ne.

Ɗakin ma kayan sauti ne

Sautin da ke shiga kunnenka iri biyu ne. Akwai wanda ya taso daga lasifika ya zo maka kai tsaye, akwai kuma wanda ya bugi bango ko ƙasa ko silin sannan ya iso a makare. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka a falo mai tsawon mita 4 yakan kai ya komo sau arba'in da 'yan kai kafin daƙiƙa ta cika. Siminti da tayil da gilashi ba sa shan komai, yadda sauti ya zo haka suke mayar da shi. Sai kalma ta hau kan kalma. Duk wanda ya taɓa sallar Juma'a a sabon masallaci kafin a shimfiɗa kafet ya san wannan: liman na huɗuba, kana jin murya, ba ka jin magana.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Tsaya a tsakiyar falo ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji tafin ya mutu nan take, ɗakinka na da dama-dama. In ka ji ya bar wata 'yar ƙara kamar an kaɗa waya, akwai aiki a gabanka.

Wanda ya fara auna wannan al'amari wani matashin malamin kimiyyar lissafi da ƙarfi ne a Jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine. A 1895 aka damƙa masa wani zauren lacca da ɗalibai ba sa fahimtar abin da malami ke faɗa a ciki. Shi da mataimakansa suka dinga kwaso matasan kujeru daga wani zaure cikin dare, suna jerawa, yana busa bututun kayan kiɗan coci yana auna da agogo tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ɓace, da asuba su mayar da matasan inda suka ɗauko. Abin da ya gano shi ne har yau ake aiki da shi: girman ɗaki na tsawaita amsa-kuwwa, yawan kaya masu laushi na gajarta ta. Da wannan lissafi aka tsara babban zauren kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900.

Matasan kujeru ke nan fa, ba wata na'ura mai tsada ba. Shi ya sa ɗakin amarya, mai gado da katifa da labule ninki biyu da kafet da kabad cike da kaya, ya fi falon mai gida daɗin sauti nesa ba kusa ba, ko da ƙaramar rediyo aka kunna a ciki.

Inda ya kamata kuɗin farko ya tafi

Kafet mai kauri tsakanin talabijin da wurin zama, shi ne na ɗaya. Sai labule mai nauyi, a yi masa tattara sosai, kada a miƙe shi kamar zanin shanya. Kujerun yadi sun fi na leda. Kantar littattafai a bangon baya na wargaza sauti, ba ta barin ya dawo dunƙule.

Bayan haka sai a nemi wuraren da sauti ke fara bugawa a bangon gefe. Zauna inda ka saba zama, ka sa yaro ya manna madubi a bango daidai tsayin kunnenka yana ja a hankali. Duk inda ka hango lasifika a cikin madubin, yi alama. Nan ne za a rataya abin da zai sha sauti. Kafinta zai iya haɗa maka firam na katako mai faɗin santimita 60 da tsawon 120, kauri 5 zuwa 10, a cika shi da audugar nan ta masana'anta da ake sa wa a rufi don tare zafi, wadda ake kira rokwul, a lulluɓe da yadin da in ka hura iska za ta wuce. A sa safar hannu da takunkumi wajen aikin, domin tana sa ƙaiƙayi. Huɗu ko shida sun ishi matsakaicin falo.

Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a ƙananan situdiyo kuwa, ɓata bango ne kawai. Ba shi da kaurin da zai sha wani abin kirki. Siririn soso ma siririn sauti kaɗai yake sha, ya bar mai kauri yana yawo, sai ɗaki ya koma kamar kana magana cikin tulu. Ga kuma haɗarin wuta. A watan Fabrairu na 2003 sosan da aka manna don rage ƙara a wani gidan rawa mai suna The Station a jihar Rod Ailan ta Amurka ya kama da wuta, mutum 100 suka mutu.

A bambance abu biyu. Gyara sautin cikin ɗaki daban, hana shi fita waje daban. Kafet da labule ba za su hana maƙwabcinka na gidan haya jin dundum ɗin wufarka ba. Wannan sai bango mai nauyi da ƙofa mai kauri da toshe duk wata kafa, ko kuma ka rage murya bayan isha'i, wanda ya fi araha.

Rigimar bes

Nan ne ɗaki ya fi nuna halinsa. Kakkauran sautin da ake kira bes yana da dogon zango, kuma kowane ɗaki na da wasu muryoyi da yake kumburawa gwargwadon tsawonsa da faɗinsa. Lissafin mai sauƙi ne: raba 343 da ninkin tsawon ɗakin. Ɗakin da maginanmu suka fi yi, ƙafa 12 da ƙafa 12, wato kusan mita 3.7 kowane gefe, yana kumbura sautin da ke kaɗawa kusan sau 47 a daƙiƙa. Tunda tsawo da faɗi ɗaya ne, kumburin ya zama biyu a wuri guda. Saboda haka in kana da zaɓi, ɗaki mai ɗan tsawo ya fi mai murabba'i.

Illar ita ce bes ba ya rabuwa daidai. A jikin bango da lunguna yana taruwa har ya dami mutum, a tsakiyar ɗaki cif kuma sai ya ɓace. Mu kuwa al'adarmu a jingina kujeru da bango, a bar tsakiya fili. In da hali, jawo kujerar kallo gaba ko da taku ɗaya ne ko biyu. In uwargida ta ce ba a taɓa mata tsarin falo, rataya abu mai kauri a bangon da ke bayan kanka.

Wajen ajiye wufa akwai wata dabara mai ban dariya amma tana aiki. Ɗora ta a kan kujerar da kake zama, kunna waƙa mai bes da ka sani sosai, sannan ka yi rarrafe kana bin gefen bango. Inda ka ji bes ya fito tas, kowane bugu daban, ba gunji ba, nan ne mazauninta. Ka dai rufe ƙofa kafin yara su gan ka.

Wat 5000 na jikin kwali

Duba kusa da lambar, galibi za ka ga an rubuta PMPO. Wannan awo ba shi da wata ƙa'ida da kamfanoni suka yarda da ita, kowa na rubuta abin da ya ga dama. Wanda ake iya dogara da shi shi ne RMS, ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. In ba ka gan shi ba, juya bayan na'urar ka karanta yawan wutar da take ja. Abin da ke jan wat 80 daga soket ba shi da inda zai samo 5000.

Kuma wat ba ya sayen ƙara yadda ake zato. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu na ƙara desibel 3 ne kacal, ɗan bambancin da kunne zai lura da shi. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka ƙarfi kusan sau goma. A falo irin namu, wat 40 ko 50 na gaskiya ga kowace lasifika sun wadatar.

Biyar da ɗaya, ko biyu masu kyau?

Ma'anar 5.1 ita ce lasifika biyu a gaba hagu da dama, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe, sai wufa. Tsarin Dolby Digital mai wannan rabo ya shiga gidajen sinima a 1992 da fim ɗin Batman Returns. Amma sai in an haɗa sautin fim ɗin a hanyoyi shida tun asali za ka ci cikakkiyar moriyarsa. Galibin abin da muke kallo, fina-finan Kannywood da shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da wa'azi da labarai, hanya biyu ce kawai. A ganina, mai ƙaramin ƙarfi ya sayi lasifika biyu masu kyau da amfilifaya, ya fi masa 'yan ƙanana biyar na roba. In kuɗi ya samu a ƙara wufa, sai ta tsakiya, wadda ita ke ɗauke da yawancin maganar 'yan wasa. Na gefe su zo ƙarshe.

Wurin ajiyewa kyauta ne, amma shi aka fi yin sakaci da shi. Na gaba biyu su yi kusurwa uku da kai, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da wadda ke tsakaninka da kowace, a daidai tsayin kunne in kana zaune, a ɗan karkato su su dube ka. Ta tsakiya a bakin tebur ƙarƙashin talabijin, ba cikin kabad ba. Na gefe su kasance gefenka, ɗan baya kaɗan, sama da kunne kaɗan. Abokin nan nawa duka biyar ɗin ya jera su a kan teburin talabijin kamar kwallayen jere. A lura da waya kuma: ja ga ja, baƙi ga baƙi. In aka juya ta lasifika ɗaya, bes zai zube, murya ta rasa tsakiya. In na'urarka na da wurin saita iyakar da wufa ke karɓar aiki, fara da 80, ita ce lambar da kamfanin THX ya tsayar. Haɗa talabijin da amfilifaya kuwa, nemi ramin HDMI da aka rubuta wa ARC.

Talabijin ko majigi

Majigi na ba da hoto mai girma da kuɗi kaɗan, amma sai a ɗaki mai duhu. Masu arha da yawa na rubuta cewa suna karɓar 1080p alhali ainihin hoton da suke fitarwa bai kai haka ba, kuma in ba a rubuta ANSI kusa da awon haske ba, kada ka yarda da lambar. Ƙurar hunturu ma na toshe matatar iskarsa. Ga falon da ake zama da rana, talabijin ta fi kwanciyar hankali. Mai inci 55 tana son a zauna tazarar mita 2 ko sama da haka kaɗan.

Wuta

Kayan gwanjo na iya zama garaɓasa, tsohuwar amfilifayar Yamaha ko Denon ko Onkyo ta fi sabbin na kwali da yawa. Amma karanta bayanta kafin ka biya. Wutarmu a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120. In ka jona wadda aka yi don Amurka kai tsaye, warin ƙonewa za ka ji kafin sauti, sai da tiransifoma mai rage wuta. Ka sa sitabilaiza a lissafinka tun farko, kuma in an ɗauke wuta ka kashe soket, domin dawowarta ce ke kashe kaya. Inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul takan sa lasifika ta dinga zuuu, a tambayi mai haɗa sola irin wadda ya sa maka. Da damina in hadari ya taso da tsawa, zare filogi da wayar dish gaba ɗaya. Amfilifaya kuma na fitar da zafi ta samanta, kada a ɗora mata dikoda ko a lulluɓe ta da ƙyallen ado tana aiki. A bar mata ko taƙi ɗaya na iska, musamman a watan Afrilu.