Kwangilar da ta Haɗa Kaya da Gini: Wane Rukuni Take Shiga?

ABUJA — Sau da yawa ma'aikatar gwamnati kan ba da kwangila guda wadda ta ƙunshi abubuwa daban-daban, misali sayo injin ba da wutar lantarki, da gina ɗakin da za a girke shi, da koya wa ma'aikata sarrafa shi. Tambayar da 'yan kwangila kan yi ita ce: wannan sayen kaya ne, ko aikin gini, ko kuwa hidima?

Dokar ba da kwangilolin gwamnatin tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai hedkwata a Abuja, ta kasa kwangila gida uku: kaya, ayyuka, da hidimomi. Hidimar da ke tafe da kaya, kamar dako, dokar ta lissafa ta cikin kaya. Haka kuma hidimar da ke tafe da gini, kamar safiyo da haƙa don gwajin ƙasa, tana cikin ayyuka, muddin kuɗinta bai zarce na ginin kansa ba. Ke nan ana duban jigon kwangilar ne, da ɓangaren da ya fi cin kuɗi. Irin wannan ma'auni yana cikin dokar koyi da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara a 1994.

Rarrabewar ba ta banza ba ce. Bisa ƙa'idar da aka sabunta a 2025, kwangilar kaya takan je gaban Majalisar Zartarwa ta Tarayya daga naira miliyan dubu 5, ta ayyuka kuwa sai daga miliyan dubu 10. Don haka kwangilar miliyan dubu 7 sunan da aka ba ta ne zai nuna wanda zai amince da ita. Bugu da ƙari, a kaya da ayyuka mafi rahusa cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa ake zaɓa, amma wajen ɗaukar mashawarta ƙwarewa na da nata makin.

Daddatsa kwangila don kauce wa wannan iyaka laifi ne. Kamfanin da aka samu da shi za a hana shi kwangilar gwamnati na aƙalla shekara 5, ya kuma biya tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗinta.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya sayi takardar neman kwangila, ya kamata ya fara duba rukunin da aka sanya ta.