Tarihin Kamfanin Taraktocin Steiger da Yadda Bashin Manoma Ya Durƙusar da Shi

A cikin watan Yuni na shekarar 1986, kamfanin Steiger, mai ƙera manyan taraktocin noma a birnin Fargo na Jihar Dakota ta Arewa a ƙasar Amurka, ya garzaya kotu yana neman a kare shi daga masu binsa bashi. Kafin shekarar ta ƙare an sayar da shi ga kamfanin Tenneco a kan kuɗi kimanin dalar Amurka miliyan 75. Shekaru goma kacal kafin wannan lokaci, kamfanin yana sahun gaba a duniya wajen ƙera irin waɗannan taraktoci, yana da ma'aikata fiye da dubu ɗaya, kuma har ranar da ya shiga kotu kayansa suna da suna a wajen manoma ta fuskar ƙarfi da juriya.

Saboda haka tarihinsa abin nazari ne ga 'yan kasuwa, musamman masu harkar injuna da masu ba da rance, domin yana nuna yadda kamfani mai kaya nagari kan iya durƙushewa idan aljihun masu sayen kayan ya dogara ga bashi. Ya kamata a lura cewa Steiger dabam yake da Steyr na ƙasar Ostiriya, wanda aka san masana'antarsa ta harhaɗa motoci da taraktoci a Bauchi. Sunayen ne kawai suka yi kama.

Mafarin Kamfanin

Wani manomi mai suna John Steiger da 'ya'yansa biyu, Douglass da Maurice, su ne suka aza harsashin kamfanin a gonarsu da ke kusa da garin Red Lake Falls a arewa maso yammacin Jihar Minnesota. Ƙasar wannan yanki shimfiɗaɗɗiya ce, gonakinta manya ne, lakarta mai nauyi, sa'an nan kuma lokacin noma gajere ne saboda tsananin sanyi da ƙanƙara. Manomin da bai gama huɗa da shuka cikin 'yan makonnin da yanayi ya ba shi ba, to, ya yi asarar shekara. Taraktocin da ke kasuwa a wancan zamani ba su da ƙarfin jan garma mai faɗin da za ta gama aikin a kan lokaci, ga shi kuma samun ma'aikatan gona yana ƙara wuya.

A lokacin hunturu na ƙarshen 1957 zuwa farkon 1958, sa'ad da aikin gona ya tsaya, iyalin suka shiga ɗakin da suke kwantar da shanun tatsa suka ƙera wa kansu tarakta. Sun yi amfani da sassan manyan motoci, suka sa mata injin Detroit Diesel mai ƙarfin doki 238, nauyinta kuwa ya kusa tan bakwai. Suka shafa mata koren fenti mai haske, wanda daga baya ya zama alamar kamfanin. Wannan tarakta ta farko tana ajiye a gidan tarihi na Bonanzaville da ke garin West Fargo.

Da maƙwabta suka ga irin aikin da take yi, sai suka fara roƙon a ƙera musu irinta. Daga shekarar 1963 aikin ya koma sana'a sosai, kuma kafin 1969 an ƙera taraktoci kimanin 125 a cikin wannan ɗakin shanu.

Dabarar Ƙirar

Abubuwa biyu ne suka bambanta taraktar Steiger da waɗanda aka saba gani. Na farko shi ne ƙirar jikinta. Taraktar da aka saba da ita tana da manyan tayoyi biyu a baya waɗanda ke turawa, da ƙanana biyu a gaba waɗanda ake juyawa da sitiyari. Idan aka ƙara wa irin wannan tarakta ƙarfin inji fiye da kima, sai tayoyin baya su riƙa sulɓi a cikin ƙasa, ƙarfin ya tafi a banza, mai kuma ya ƙone. Ita kuwa Steiger, tayoyinta huɗu girmansu ɗaya ne, kuma dukkansu inji yana juya su. Gangar jikinta kashi biyu ce, an haɗa su da gaɓa a tsakiya, ta yadda idan direba ya murɗa sitiyari, jikin ne yake lanƙwashewa ta hanyar matsin mai. Wannan ya ba ta damar riƙe ƙasa da kyau, da jan kaya mai faɗi, da kuma juyawa a wuri ƙarami duk da girmanta. Ba iyalin Steiger ne suka fara wannan ƙira ba, domin kamfanin Wagner na Jihar Oregon ya riga su tun cikin shekarun 1950, amma su ne suka fi cin moriyarta a kasuwa.

Abu na biyu ya shafi tsarin kasuwanci. Kamfanin bai ɗora wa kansa nauyin ƙera inji ko giya ba. Yana sayen injuna daga Caterpillar da Cummins da Detroit Diesel, yana sayen giya da sauran sassa daga kamfanonin da ke yi wa manyan motoci, shi kuma ya ƙera gangar jiki daga ƙarfe mai kauri ya harhaɗa. Ta haka jarin da ake bukata ya ragu ƙwarai, manomi kuma yana iya samun kayan gyara da makaniki a duk inda ake gyaran manyan motoci.

Ƙaura Zuwa Fargo

A shekarar 1969 wasu masu zuba jari suka shigo, aka yi wa kamfanin rajista, aka mayar da aikinsa birnin Fargo. Daga nan aka fara sa wa taraktocin sunayen namun daji dangin zaki da damisa, irin su Wildcat da Bearcat da Cougar da Panther da Tiger. A shekarar 1971 Eugene Dahl, wanda ya ƙware a kamfanin Melroe mai ƙera injunan Bobcat, ya karɓi shugabanci. Cikin shekaru shida na jagorancinsa cinikin kamfanin na shekara ya tashi daga kimanin dala miliyan 2 zuwa sama da dala miliyan 100.

Wannan bunƙasa ta zo daidai da wani lokaci na albarka ga manoman Amurka. A shekarar 1972 Tarayyar Sobiyet ta sayi hatsi sama da tan miliyan 10 daga Amurka, akasarinsa alkama, kuma tsakanin 1972 da 1974 farashin alkama ya ninka fiye da sau biyu. Sakataren aikin gona na lokacin, Earl Butz, ya riƙa kira ga manoma da su nome kowane taƙi na gonakinsu, su kuma faɗaɗa harkarsu. Darajar filaye ta yi ta hauhawa, bankuna suka buɗe hannu suna ba da rance a kan jinginar gona, manoma suka sayi ƙarin filaye, ƙarin filaye kuma ya bukaci manyan injuna. Kayan gona da Amurka ke fitarwa waje sun tashi daga kimanin dala biliyan 7 a 1970 zuwa sama da dala biliyan 43 a 1981, bashin da ke kan manoma kuwa ya ninka fiye da sau uku tsakanin 1970 da 1980.

A shekarar 1975 Steiger ya buɗe sabuwar masana'anta a Fargo wadda gininta ya kusa eka goma, kuma an tsara ta yadda za ta iya fitar da tarakta guda a kowane minti 18. Bugu da ƙari, kamfanin ya riƙa ƙera wa wasu manyan kamfanoni taraktoci suna sayarwa da sunansu da launinsu: ja ga International Harvester, shuɗi ga Ford, ruwan goro ga Allis-Chalmers. Shi International Harvester har hannun jari ya saya, kimanin kashi 30 daga cikin ɗari. Kazalika an ba kamfanin Raba na ƙasar Hangari lasisin ƙera taraktocin Steiger tun daga tsakiyar shekarun 1970, abin da ba a saba gani ba a zamanin yaƙin cacar baka tsakanin ƙasashen Gabas da na Yamma. An kuma kafa reshe a ƙasar Ostireliya. A shekarar 1977 aka fito da Tiger mai ƙarfin doki 450.

Juyin Kasuwa

Al'amura sun fara canzawa ne a watan Oktoba na 1979, sa'ad da Babban Bankin Amurka, a ƙarƙashin Paul Volcker, ya tsuke bakin aljihu domin yaƙar hauhawar farashi. Kuɗin ruwan da bankuna ke ɗora wa manyan abokan hulɗarsu ya kai kashi 21.5 daga cikin ɗari a watan Disamba na 1980. A watan Janairu na 1980 kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa takunkumin sayar wa Tarayyar Sobiyet hatsi saboda mamaye ƙasar Afganistan da ta yi. Darajar dala ta tashi, hatsin Amurka ya yi tsada a kasuwannin duniya, masu saye suka koma wasu ƙasashe. Kafin 1986 kayan gonar da ake fitarwa sun sauko zuwa kimanin dala biliyan 26.

Farashin amfanin gona ya faɗi, darajar filayen da aka jinginar ta bi sahu, har a Jihar Iowa ta ragu da fiye da rabi tsakanin 1981 da 1986. Dubban manoma suka kasa biyan bashi, aka yi gwanjon gonakinsu da injunansu. Manomin da ke cikin matsi ba zai iya fasa sayen iri da taki da man dizal ba, amma yana iya fasa sayen sabuwar tarakta shekara da shekaru, ya ci gaba da lallaɓa tsohuwa. Wanda yake da halin saye kuwa, ga taraktocin gwanjo nan birjik a farashi mai rahusa. A nan ƙarkon kayan Steiger ya zame masa abokin gasa, domin tsofaffin taraktocinsa ba su mutu ba balle a nemi sababbi. Yawan irin waɗannan manyan taraktoci da ake sayarwa a Amurka ya sauko daga sama da 10,000 a shekara a ƙarshen shekarun 1970 zuwa ƙasa da 3,000 a tsakiyar shekarun 1980.

Kamfanin bai zauna ya naɗe hannu ba. A shekarar 1982 ya fito da Panther 1000 mai giya 12 da ke sauyawa ba tare da an tsaya ba, a 1983 ya fito da Tiger mai ƙarfin doki 525, a 1986 kuma ya fito da Puma 1000 wadda aka tsara domin aiki a tsakanin kunyoyi. Duk da haka, sabon samfuri bai sa kuɗi a aljihun manomi ba. Odar da ke zuwa daga Ford da International Harvester ta ja baya, kuma shi International Harvester, wanda yajin aikin kwana 172 daga Nuwamba 1979 zuwa Afrilu 1980 ya raunana, ya sayar da hannun jarinsa na Steiger ga kamfanin Deutz na Jamus a 1982. Zuwa 1986 masana'antar Fargo tana aiki ne da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta, alhali kuɗin riƙe ginin da injunan da biyan bashi bai ragu ba.

Ba Steiger kaɗai guguwar ta kwasa ba. Tenneco ya sayi sashen kayan noma na International Harvester ya haɗe shi da kamfanin Case a 1985. A cikin shekarar ce kuma Allis-Chalmers ya sayar da nasa sashen ga Deutz, yayin da Ford ya sayi kamfanin Versatile na Kanada, babban abokin gasar Steiger, a 1987.

Bayan Sayarwa

Tenneco ya shigar da Steiger cikin Case IH. Daga 1987 aka fara fitar da taraktocin Fargo da jan fenti, koren kuma ya ci gaba na ɗan lokaci kafin a daina shi a ƙarshen shekarun 1980. A 1996 aka gabatar da Quadtrac, wadda aka maye gurbin tayoyinta huɗu da sarƙoƙin roba domin rage danne ƙasa. A 1999 Case ya haɗe da New Holland aka sami kamfanin CNH. Sunan Steiger ya ci gaba da kasancewa a jikin manyan taraktocin Case IH, kuma a 2023 aka fito da samfuri mai ƙarfin doki 715, watau ninki uku na wadda aka ƙera a ɗakin shanu. Tsofaffin koraye kuwa, wasu suna aiki a gonaki har yanzu, wasu kuma masu sha'awar kayan tarihi suna sayensu suna gyarawa.

Abin Lura ga 'Yan Kasuwa

Hausawa kan ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abu na farko da za a lura da shi shi ne, Steiger kaya iri ɗaya yake sayarwa, ga mutane iri ɗaya, watau manyan manoman hatsi. A zahiri yana da abokan ciniki da yawa, irin su Ford da International Harvester, amma dukkansu manomi ɗaya suke nufa da kayan. Da manomin ya tsaya, sai duk hanyoyin suka toshe a lokaci guda. Kamfanin John Deere, wanda ke da kaya iri-iri da reshen ba da rance nasa na kansa, ya yi asara a waɗannan shekaru, amma ya tsallake.

Na biyu, an gina masana'antar 1975 ne bisa lissafin cinikin shekarun albarka, alhali wani babban kaso na wannan ciniki rance ne ya haifar da shi. Duk mai sayar da kaya masu tsada, ko tarakta ce ko babbar mota ko injin casa, ya kamata ya binciki inda mai saye yake samo kuɗin, ya kuma lissafa abin da zai faru da kasuwarsa idan kuɗin ruwa ya ninka ko farashin amfanin gona ya faɗi.

Na uku, abin da Tenneco ya biya dala miliyan 75 dominsa shi ne masana'anta, da ƙwararrun ma'aikata, da ƙira, da sunan da manoma suka amince da shi. Waɗannan kadarori ne suka sa aka sami mai saye cikin 'yan watanni, aka kuma ci gaba da ƙera taraktoci a Fargo bayan mallakar kamfanin ta sauya hannu.