Na'urar tausasa ruwa ta daina aiki? A fara duba tsayin tanki

Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, a ƙasar Karaye take, amma gidaje da yawa a Karaye da Rogo da rijiyar burtsatse suka dogara. Ruwan wasu burtsatsen na ɗauke da kalsiyam da magnesiyam da yawa, sai sabulu ya ƙi kumfa, cikin butar shayi ya yi farin ɓawo. Shi ya sa wasu ke sayen na'urar tausasa ruwa. Bayan 'yan makonni ɓawon ya dawo, sai a ce an sayo jabu.

Sau da yawa laifin ba nata ba ne. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin rezin da ke kama kalsiyam su saki sodiyam. Idan suka ƙoshi, sai an wanke su da ruwan gishiri, kuma ƙarfin ruwan famfo ne ke zuƙo shi daga tankin gishiri. Yawancin na'urorin gida na son ƙarfin da ya kai kimanin bar 1.5. Tankin da aka ɗora mita 10 sama bar 1 kacal yake bayarwa, wanda ke mita 5 kuwa rabin haka. Ruwa zai riƙa wucewa ta na'urar lafiya lau, amma wankin ba ya yiwuwa.

Ganewa ba wuya: a ja layi da maka daidai inda gishiri ya tsaya. In bayan mako biyu bai sauka ba, na'urar ba ta zuƙa. Kafin a sayi famfon ƙara ƙarfi, a soka sandar tsintsiya cikin gishirin, don wani lokaci yakan daskare a sama ya bar rami a ƙasa.

Sai agogo. Galibi an saita wankin ƙarfe 2 na dare, kuma ɗauke wuta na iya rikita lokacin ko ya hana wankin. Gara a mayar da shi lokacin da sola ko janareta ke aiki.

Mitar TDS da ake yayi kuwa ba ta da amfani a nan. Jimillar narkakkun sinadarai take aunawa, sodiyam kuma ya maye gurbin kalsiyam, don haka lambar kusan ba ta canzawa. Kwalba biyu sun fi ta: ruwan burtsatse a ɗaya, wanda ya bi ta na'urar a ɗaya, a ɗiga sabulun ruwa daidai wa daida a girgiza. In kumfar ta zo ɗaya, ba a tausasa komai ba.