Granny: Inda wasan ban tsoro ya yi ƙarfi da inda ya gaza

A unguwa irin Tudun Wada ta Gombe, mazaunin Jami'ar Jihar Gombe, wasan bidiyo bai tsaya a shagunan PlayStation ba. Ya shiga wayar hannu, inda yaro kan buga shi a ɗaki ba tare da iyaye sun san abin da yake kallo ba. Daga cikin irin waɗannan wasanni akwai Granny, wato Kaka, wanda wani mai ƙirƙira da ke amfani da sunan DVloper ya fitar a shekarar 2017. An sauke shi fiye da sau miliyan 100 a Google Play.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Mai wasa yana farkawa a cikin wani tsohon gida da aka kulle, yana da kwana 5 ya tattara makullai da kayan aiki ya buɗe ƙofar fita. Wata tsohuwa mai riƙe da gora tana zagaye gidan, duk lokacin da ta buge shi kwana ɗaya ya tafi.

Ƙarfin wasan yana cikin yadda ake kallonsa. Mai wasa ba ya ganin jikin wanda yake sarrafawa, allon wayar shi ne idonsa, don haka bai san abin da ke bayansa ba sai ya waiwaya. Sannan ga sauti. Tsohuwar tana jin ƙarar duk abin da ya faɗi ƙasa, ta nufo wurin nan take. Da yake abu ɗaya kawai ake iya riƙewa a hannu, dole a ajiye wani kafin a ɗauki wani, kuma ajiyewar kanta tana iya tona asiri. Mutum yakan shige ƙarƙashin gado ya yi tsit, yana kallon ƙafafunta suna wucewa. Wannan salo na gudu da ɓuya maimakon faɗa ya shahara ne tun a Amnesia na 2010 da Outlast na 2013. Abin da Granny ya yi shi ne sauko da shi kan ƙaramar waya, kyauta, kuma ana buga shi ko babu intanet.

Ga Bahaushe akwai wani abin mamaki a nan: kaka, wadda a gidajenmu abokiyar wasan jika ce kuma mai ba da tatsuniya, ita aka mayar Dodo.

Rauninsa kuwa yana bayyana da wuri. Tsoron na daren farko ne. Da zarar mutum ya haddace ɗakunan gidan, ya gane cewa jefar da abu a wani lungu yana janye tsohuwar, sai ta koma abin wasa, abin da ya rage kuma kai-komo ne na neman makulli. Labarin ba shi da zurfi, hotunan ba su da kyan gani, sarrafa tafiya da yatsu biyu a kan allo kuma yakan sa a yi kuskuren da ba laifin mai wasa ba ne. Tallace-tallace suna katse shi idan data tana buɗe, wasu mutanen kuma irin wannan kallo yana sa su jiri.

A ganina, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce shekarun mai riƙe da wayar. Firgitar da ɗalibin jami'a zai yi wa dariya tana iya hana ɗan firamare barci, domin akwai jini da fuskar da ke faɗo wa mutum ba zato. Uba ko uwa da ke son ganin abin da idonsu za su iya zaɓar matakin gwaji da ke cikin wasan, inda ake zagaya gidan tsohuwar ba ta nan.