A ɗuma jiki kafin a buga ƙwallo

Samarin Jiratawa, da yawanku daga gona sai filin ƙwallo. Jijiya ba ta saki ba, sai targaɗe.

Cikin 2006, hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta fiddo wani tsarin motsa jiki na minti 20. Ana gudu sannu-sannu, a tsaya bisa ƙafa guda, a yi tsalle a dira gwiwa a lanƙwashe. An gwada shi ga 'yan mata masu ƙwallo a ƙasar Norwe. Raunuka sun ragu da wajen kashi 1 cikin 3. Ana son a yi shi aƙalla sau 2 a sati.

Wannan ba ya cin ko dala. Amma in gwiwa ta gurɗe, ga kuɗin mota zuwa asibitin Maradi, ga kuɗin magani. Kuma wa zai ba shukar rani ruwa kana kwance?