Hawainiya Ba Ta Cin Rama

In damina ta yi tsaka, dawa ta rufe mutum, rama ta yi tsawo a gefen gonaki, manoman ƙasar Birnin Kudu da Gwaram sukan riƙa gamuwa da hawainiya. Wani ya gan ta bisa karan dawa, wani a shingen garka, wani kuwa a tsakiyar hanya tana taku ɗai-ɗai kamar mai tausayin ƙasa. Da an gan ta sai babba ya ja da baya, yara kuwa su sheƙo da sanda da duwatsu. Wadda ta tsira daga jifa, ko dai ta ƙare a bushe bisa tabarmar mai magani a kasuwa, ko wani yaro ya jefa ta cikin kwali wai zai yi kiwo, ya zuba mata tsaki da ganye, bayan 'yan kwanaki ta mutu.

Hausawa sukan ce wa abokin faɗa hawainiyarsa ta kiyayi ramarsu. To, amma hawainiya irin ta ƙasar nan ba ta cin rama. Abin da ke kai ta can shi ne ƙwarin da ke ɓarnar ramar, watau fara da tsutsa da gyare da sauran irinsu. Takan lafe bisa reshe, ido ɗaya na duban gaba, ɗaya na duban baya, gama kowane idonta yana juyawa shi kaɗai. Da ƙwaro ya matso sai ta harba harshe, wanda yakan kai tsawon jikinta har ya wuce, ta fizgo shi kafin ƙiftawar ido. Lalle ba za ta tare garken fara ba, kuma in ƙudan zuma ya gitta ba ta ƙyale shi. Duk da haka ma'aikaciya ce a gona, ba ta neman lada ko kunun safe.

Ba ta da dafi

Mutane da yawa sun ɗauka hawainiya tana da dafi. Ba ta da shi, ko a baki ko a jiki. Kumburin da take yi, da buɗe baki, da huci, duk tsoro ne ke sa ta, don ba ta da gudun da za ta tsere. In an matsa mata takan yi cizo, amma maganinsa ruwa da sabulu. Haka kuma wanda ya taɓa ta ya wanke hannu kafin ya ci abinci, gama kashinta, kamar na ƙadangare da kaza, yakan ɗauki ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa.

Rikiɗarta ma ba sihiri ba ce. Da sanyin safiya takan yi duhu don ta sha zafin rana, in ta yi barci da dare ta yi haske, in ta fusata zane da ɗige-ɗige su fito mata. A 2015 masana na Jami'ar Geneva suka nuna akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli cikin fatar hawainiya, in sun matsu ko sun ware sai launin ya sake.

Masu kiwonta a ƙasashen Turawa

A Turai da Amurka akwai masu ajiye hawainiya a gida don sha'awa, yadda ake ajiye aku ko kanari a nan. An daɗe ana kama irin ta Afirka ta Yamma ana fita da ita ta Togo da Binin da Ghana, da yawa kuwa sukan mutu a hanya ko ba da jimawa da isarsu ba, saboda ƙishirwa da firgita da tsutsar ciki. Fatake su lura: akwai yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a Washington a 1973 don tsare namun daji daga cinikin da ya wuce kima. Nijeriya tana ciki tun 1975, kuma tun 1977 aka sa wannan dangi na hawainiya cikin waɗanda ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini.

Daga wahalar da masu kiwon nan suka sha aka gane abin da hawainiya ke bukata. Wanda ya ajiye ta na ɗan lokaci, ko malamin da ke son nuna wa 'yan makaranta, sai ya kiyaye waɗannan.

Abinci da ruwa

Hawainiya ba ta cin hatsi, ba ta kula mataccen ƙwaro, sai mai motsi. A kamo mata fara da gyare da ƙuda masu rai, kada girman ƙwaron ya wuce faɗin kanta. Ƙarama a ba ta kullum, babba kuwa ko an tsallake kwana ɗaya ba laifi. Kada a kamo ƙwarin daga gonar wake ko lambun da aka yi wa feshi, gama gubar da ke jikinsu ita za ta kashe ta.

Ƙishirwa ta fi yunwa saurin kashe ta. Ko an ajiye mata ruwa a kasko ba safai take sha ba, don a daji raɓa da ɗigon ruwan sama take lasa daga ganye. Saboda haka a yayyafa wa ganyen da take ciki ruwa safe da yamma har ya riƙa ɗiga.

Mazauni da lafiya

Kwali da gwangwani kabarinta ne. Tana bukatar keji mai tsawo na raga, wanda iska ke ratsawa, da rassa masu ganye da za ta hau ta ɓuya. Ba a haɗa biyu wuri ɗaya, ba a kuma yawan ɗaukarta a hannu. A bar ta ta sha hantsi, amma da inuwar da za ta koma, gama ranar bazara tana iya kashe ta cikin keji, iskar hunturu ma haka. Rashin rana ke hana ƙashinta ƙwari, sai a ga ƙafafu sun lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, ta kasa riƙe reshe. Don haka masu kiwo sukan barbaɗa wa ƙwarin garin da ke ƙarfafa ƙashi, kamar ɓawon ƙwai da aka niƙa luƙwi.

Macen da ke ɗauke da ƙwai takan sauko ta tona rami ta binne su, sau da yawa fiye da 20, su yi watanni kafin su ƙyanƙyashe. In ba a ajiye mata ƙasa mai danshi mai zurfin kamar ƙafa 1 ba, ƙwan yakan maƙale mata ta mutu.

Alamun ciwo kuwa su ne faɗawar ido, da rufe ido da rana, da zama a ƙasa, da ƙin ci, da daɗewa cikin baƙin launi. Farin da ke fita tare da kashinta in ya koma ruwan goro, ƙishirwa ce. Kafin a kai ga haka, gara a mayar da ita inda aka kamo ta.

Kiwon da ya fi

Manomi ba shi da lokacin farautar ƙuda, ba ya kuwa bukatar keji. Shingen bini-da-zugu ko lalle ko zogale da ya kewaye garka shi ne ɗakin hawainiya, abinci da raɓa da rana duk suna nan kyauta. Abin da ya rage gare shi kaɗan ne: in zai yi feshi ya tsaya bisa amfanin gona ya ƙyale shingen, kada ya bari a cinna wa gefen gona wuta bayan kaka don farautar gafiya, in ya tarar da ita cikin harawa ya ɗaga ta da kara ya aza bisa itace, ya kuma hana yara jifa. Wanda ya yi haka, in hawainiyar maƙwabci ta hau ramarsa, sai ya yi mata maraba.