Gem Ne Ko Bairas? Abin Da Ke Haɗa Anti-bairas Faɗa Da Wasannin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kwana yana sauke wasan kwamfuta ya san wannan takaici. Data ta tafi, gigabait 40 ko 50, an gama ɗora gem, ka danna, shiru. Can sai ɗan saƙo ya leƙo daga kusurwar allo cewa Windows ta ga barazana, ta killace fayil ɗin da ke kunna wasan. Idan ka kai kuka wurin samarin shagon gem, amsarsu guda ce: "Oga, kashe anti-bairas ɗin kawai, ƙarya yake yi."

A aikina na gyaran kwamfuta na sha jin wannan magana, kuma rabinta gaskiya ce. Anti-bairas yana yi wa wasanni ƙazafi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ɗaya rabin ne ke jawo wa mutane asara.

A da, aikin anti-bairas mai sauƙi ne. Kamfani zai samu bairas, ya ciro wata alama da ta keɓanta da shi, ya aika wa kwamfutoci, duk fayil ɗin da aka ga alamar a jikinsa a kama shi. Yawa ne ya karya wannan tsari. Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus ta ce a kullum tana rajistar sababbin miyagun manhajoji sama da 450,000. Babu kamfanin da ke da ma'aikatan da za su bi su ɗaya bayan ɗaya. Dole aka koma hasashe: a duba siffar fayil da halinsa, a kwatanta da na miyagun da aka sani, na'ura ta yanke hukunci da kanta. Wanda ke hasashe kuwa dole wata rana ya kuskure.

Wasanni sun fi sauran manhajoji faɗawa wannan tarko saboda halayensu. Na farko, suna ɓoye cikinsu. Kamfanonin gem ba sa son a kwafi kayansu, don haka suke lulluɓe fayil ɗin da manhajoji irin su Denuvo, wanda wani kamfanin Ostiriya ya fitar, aka fara saninsa a 2014 lokacin FIFA 15, ko kuma VMProtect da Themida. Waɗannan biyun na ƙarshe masu rubuta bairas ma suna amfani da su, don kada a gane abin da suka ƙunsa. Anti-bairas ya buɗe fayil, ya kasa karanta abin da ke ciki, sai zargi ya shiga.

Na biyu, manhajojin hana maguɗi. Wasannin da ake bugawa ta intanet suna zuwa da masu sa ido irin su Easy Anti-Cheat da BattlEye. Vanguard, wanda Riot Games ya fitar tare da Valorant a 2020, yana tashi ne tun lokacin da aka kunna kwamfuta, ya zauna a can cikin ƙuryar Windows inda manhajoji na yau da kullum ba sa isa. Aikinsa leƙen abin da sauran manhajoji ke yi. Manhajar leƙen asiri ma aikinta ke nan.

Na uku, baƙunta. SmartScreen na Windows yana duba ko mutane da yawa sun taɓa sauke fayil, da kuma ko yana ɗauke da sa hannun kamfanin da aka tantance. Takardar wannan sa hannu tana cin ɗaruruwan daloli a shekara. Babban kamfani ba ya jin ta a aljihu, amma ɗalibin da ya haɗa ɗan wasansa a ɗaki ba zai iya ba. Idan kuma ya naɗe wasan da PyInstaller, wanda ɓarayin intanet ma ke naɗe kayansu da shi, ya ƙara shiga uku. Shi ya sa ƙananan masu ƙirƙira suka fi kowa shan wannan ƙazafi.

Ka ɗauka ɗan sintiri ne ya ci karo da wani mutum ƙarfe biyu na dare, ya rufe fuska da rawani, yana riƙe da tarin makullai, ba wanda ya san shi a unguwa, ga shi yana taɓa ƙofar wani gida. Mai yiwuwa mai gyaran kwaɗo ne da maigidan ya kira. Amma idan ɗan sintiri ya riƙe shi, wa zai ce ya yi wauta?

Kamfanonin sun san suna kuskure, sun kuma zaɓi hakan. Idan suka sassauta, bairas na gaske ya wuce, sunansu ya ɓaci. Idan suka tsananta, ɗan wasa ne kawai zai yi tsaki. Wani lokaci dai kuskuren yakan fi ƙarfin tsaki. Ranar 21 ga Afrilu, 2010, wata sabuntawa ta anti-bairas ɗin McAfee ta ɗauki svchost.exe, ɗaya daga ginshiƙan Windows XP, a matsayin bairas. Kwamfutoci suka riƙa mutuwa suna tashi ba ƙaƙƙautawa, har wasu asibitoci a Amurka suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. A Satumba 2011 anti-bairas na Microsoft ya kama Google Chrome da sunan Zbot, wato ɓarawon bayanan banki, lamarin ya shafi mutane kusan 3,000. A 2012 kuwa anti-bairas na Sophos manhajar sabunta kansa ya kama.

To, idan haka ne, me ya hana mu bi shawarar samari mu kashe shi? Abin da ya hana shi ne ɓarayi ma sun san mun saba kashewa.

A 2021 kamfanin Avast ya tona asirin wani bairas da ya sa wa suna Crackonosh. An cusa shi ne cikin fasassun wasanni da ake rabawa kyauta, irin su GTA V da Far Cry 5 da NBA 2K19 da PES 2018. Wasan yana aiki lafiya lau, mai shi yana murna. Bayan an kashe kwamfuta an kunna wasu lokuta, sai bairas ɗin ya tayar da ita a yanayin da anti-bairas ba ya aiki, ya goge shi, ya dakatar da sabuntawar Windows, ya kuma ajiye hoton garkuwa na bogi a ƙasan allo don mai kwamfuta ya zaci yana da tsaro. Daga nan kwamfutar ta koma haƙa wa wasu kuɗin intanet na Monero. Avast ya ƙidaya kwamfutoci kusan 222,000, ribar ɓarayin ta kai kimanin dala miliyan 2.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a wajenmu gem ya fi yawo ta filash da hadis. Ka kai laftof shago, a zuba maka PES ko GTA a kan 'yan kuɗi kaɗan, kuma kusan duk fasassu ne. Fasa gem yana nufin an sauya fayil ɗinsa na asali, an cire makullin. Idan anti-bairas ya rubuta HackTool ko Crack a kansa, bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Matsalar ita ce kai ba ka da hanyar bambance fasasshen da aka bari haka da wanda aka yi wa ƙari, mai shagon ma ba shi da ita, shi ma wani ne ya ba shi. Kuma a wannan laftof ɗin ne kalmomin sirrinka na imel da Facebook da banki suke ajiye.

Hatta halastattun wurare ba su tsira gaba ɗaya ba. A Fabrairu 2025 kamfanin Valve ya cire wani wasan kyauta mai suna PirateFi daga Steam, kasuwarsa ta wasanni a intanet, bayan an gano yana ɗauke da manhajar satar kalmomin sirri, har ya shawarci waɗanda suka kunna shi su yi tunanin sake zuba Windows. A 2022 kamfanin tsaro Trend Micro ya ruwaito cewa masu kulle kwamfuta don neman kuɗin fansa sun yi amfani da fayil ɗin hana maguɗi na wasan Genshin Impact wajen kashe anti-bairas. Sai dai irin wannan a Steam ko Epic abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuma akwai wanda za a tuhuma.

Ga yadda nake yi idan aka kawo mini irin wannan. Tambayar farko: daga ina gem ɗin ya fito? Idan daga Steam ne ko Epic ko shafin kamfanin, akwai kyakkyawan zaton ƙazafi ne. Sai in karanta sunan da aka ba shi. Idan ya ƙare da "!ml", kamar Wacatac.B!ml da Defender, anti-bairas na Windows, ya cika fitarwa, alama ce ta hukuncin na'ura. Wannan ba wanke shi ya yi ba, amma ya isa a ƙara bincike. Sai in ɗora fayil ɗin da aka kama, shi kaɗai, a VirusTotal, shafin da aka kafa a Sifaniya a 2004, Google ya saye shi a 2012, inda anti-bairas kusan 70 ke duba abu a lokaci guda. Biyu ko uku su yi ƙara, sauran su yi shiru, hankalina ya kwanta. 30 su kira shi da sunan ɓarawo iri ɗaya, na goge. Kada dai ka ɗora takardunka na sirri a can, domin kamfanonin tsaro suna ganin abin da aka tura.

Idan ya tabbata ƙazafi ne, ba a kashe tsaro gaba ɗaya. Ana shiga saitin anti-bairas a keɓe foldar wasan ita kaɗai, ban da foldar da ake sauke kaya a ciki. Steam yana da maɓallin tantance fayiloli, wanda zai maido da wanda aka killace ba tare da an sake sauke komai da komai ba. Microsoft da sauran kamfanoni suna da shafin kai ƙorafi, kuma idan suka gamsu sukan gyara a sabuntawa ta gaba.

Gem ɗin filash kuwa ba na iya wanke shi, kuma ba na yi wa kowa alkawarin hakan. Abin da nake gaya wa mai shi shi ne, idan ya nace sai ya buga, ya nemi kwamfutar da babu imel ɗinsa ko asusun bankinsa a ciki. Idan guda ɗaya gare shi, to ya zaɓa tsakanin gem ɗin da asusun.